Har zuwa wane firikwensi za a amince da wayar bakin kada a osiloskop?

Almajirin_Lantarki:
Assalamu alaikum, malamaina. Na sayi osiloskop na hannu, wato na'urar da ke zana siffar siginar lantarki a fuskarta, mai kaiwa 100 MHz, amma bai zo da furob ba, wato tsinken awo da ake taɓa da'ira da shi, don haka na haɗa kebul koksiyal mai tsawon mita ɗaya da wayoyi biyu masu bakin kada, wato maƙalai masu haƙora, nake awo da su. Yawancin aikina gyaran amfilifaya ne da inbata. Ina son sanin iyakar firikwensin, wato yawan kaiwa da komowar sigina a daƙiƙa ɗaya, da zan iya dogara da wannan haɗi, da kuma abin da furob na asali yake yi wanda waya ba ta yi, tunda a ganina duka biyun tagulla ce ke ɗauke da sigina.

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu lamba ɗaya da za a ba ka, domin iyakar ta dogara ne kan inda kake taɓawa a cikin da'irar. Mashigar osiloskop tana da megaohm 1 tare da kafasitans, wato ƙarfin riƙe cajin lantarki, na kusan pF (fikofarad) 20, kebul koksiyal irin RG-58 kuma yana ƙara kusan pF 100 a kowace mita, wato ka rataya wa da'irar kondensa mai pF 120 ba tare da ka yi niyya ba. Idan wurin da kake aunawa yana bayan rizista mai kiloohm 10, wannan kondensa zai fara cinye siginar tun daga wajen kHz 130, kuma na'urarka mai 100 MHz ba za ta iya dawo da abin da ya ɓace kafin ya iso gare ta ba. Amma a mafitar amfilifaya, inda turjiyar ba ta kai ohm ɗaya ba kuma sauti bai wuce kHz 20 ba, wayarka za ta ba ka awo mai kyau.

Furob mai rage sigina sau goma yana da rizista mai megaohm 9 a bakinsa, don haka da'irar tana ganin megaohm 10 da pF 10 zuwa 15 kawai. A wancan wuri mai kiloohm 10, iyakar za ta tashi zuwa kusan MHz 1.

Mai_Gyaran_Inbata:
Bayanin Injiniya daidai ne, amma a aikin inbata matsalar da ta fi damuna ita ce tsawon wayar. Kowane santimita na waya yana da indaktans, wato turjiya ga sauyin kwararar wuta, na kusan nH (nanohenry) 10, kuma wayoyin kada biyu da aka baza suna iya kaiwa microhenry 1. Idan wannan ya haɗu da pF 120, haɗin zai riƙa karkarwa da kansa a wajen MHz 15. Mutum zai ce ai inbatarsa ba ta wuce kHz 50 ba, alhali abin dubawa shi ne saurin tashin siginar: wadda ke hawa cikin nanosakan 20 tana ɗauke da firikwensi har kusan MHz 17, idan aka raba 0.35 da lokacin hawan. Sakamakon haka, za ka ga tsalle da rawa a ƙofar MOSFET, wato taransiston da ke kunna wuta da kashewa a inbata, waɗanda babu su a allon da'irar, ka kuma ɓata yini kana sauya kayan da lafiyarsu ƙalau. Bugu da ƙari, zoben da wayoyin biyu suka yi yana tsintar gurnanin 50 Hz na wutar gida da hayaniyar taransifoma.

Almajirin_Lantarki:
Na gode ƙwarai, malamai. To furob mai araha da ke da makunni na 1X da 10X zai wadatar?

Injiniya_Zazzau:
Zai wadatar ga aikinka, muddin ka bar shi a 10X, wato mai rage sigina sau goma, domin a 1X yawancinsu ba sa wuce MHz 6 zuwa 10, ko da an rubuta 100 MHz a jikinsu. Kafin awo, ka ɗora bakinsa kan mafitar gwaji ta kHz 1 da ke gaban na'urar, ka juya ɗan sukurun da ke jikin furob ɗin har saman siginar ya miƙe sarai, babu tozo babu lanƙwasa. Furob da ba a daidaita ba yana ba da tsayin sigina na ƙarya. Wayar ƙasa da ke zuwa da shi ma, mai santimita 15, tana karkarwa a wajen MHz 100, shi ya sa ake cire ta a sa ɗan gajeren sifirin idan sigina tana da sauri.

Ka kuma kiyaye cewa bakin kadan ƙasa a haɗe yake da wayar ƙasa ta soket. Kada ka maƙala shi a ɓangaren caja ko inbata da ke haɗe kai tsaye da wutar gida, inda volt 230 ke komawa kusan volt 325 bayan an mayar da ita wutar DC. Wannan wuri furob mai auna bambanci tsakanin wurare biyu yake buƙata.