Neman kalma: "mandate" na sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda, wa'adi ne ko hurumi?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so a taya ni tsayar da kalma guda. A rediyo da jaridu, duk inda aka ce "mandate" game da sojojin kiyaye zaman lafiya, wa'adi muke cewa: an tsawaita wa'adin runduna kaza, wa'adin runduna kaza ya cika. A nan ba laifi. To amma ku duba wannan. Ranar 11 ga Janairun 1994, Janar Romeo Dallaire, kwamandan UNAMIR, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda, da ke Kigali babban birnin ƙasar, ya aika saƙo hedikwata a New York. Wani na cikin 'yan Interahamwe, 'yan bangar Hutu na jam'iyya mai mulki, ya tsegunta masa cewa an ɓoye makamai a birnin, an sa su rubuta sunayen 'yan Tutsi, kuma mutanensa za su iya kashe mutum 1,000 cikin minti 20. Janar ya ce zai kai samame cikin sa'o'i 36. Sashen ayyukan kiyaye zaman lafiya, wanda Kofi Annan ke shugabanta a lokacin, ya hana shi, wai samamen ya wuce "mandate" ɗinsa. In na rubuta "ya wuce wa'adinsa", mai karatu zai ɗauka lokacin aikinsa ne ya ƙare, alhali rundunar ba ta cika wata huɗu da kafuwa ba. Me za mu ce?

Malama Rabi:
Wa'alaikumus salam Malam. Wa'adi rabin kalmar ce kawai, kuma tarihin ya ba mu hujja a hannu. Ranar 5 ga Afrilun 1994 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 909, ya ƙara wa rundunar lokaci zuwa 29 ga Yuli. Washegari da dare aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana na Ruwanda tare da takwaransa na Burundi, Ntaryamira. Ke nan ranar da aka fara kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan Tutsi, wa'adinsu sabo ne ful, kwana biyu da sabuntawa. Lokaci ba shi ne abin da suka rasa ba. Ni dai "umarni" nake gani. Soja ai da umarni yake aiki.

Kanar Ɗanlami:
Malama, umarni ba zai ɗauka ba, domin a aikin soja yana da wurinsa daban. Takardu ne hawa-hawa. Na sama shi ne ƙudurin Kwamitin Sulhu, shi ake kira "mandate": yana faɗin abin da aka kafa rundunar ta yi, inda za ta yi shi, yawan mutanenta, da tsawon lokacinta. A ƙarƙashinsa akwai takardar da ke gaya wa soja yaushe zai ɗana bindiga, yaushe zai yi harbin gargaɗi, yaushe zai harbi mutum, da wanda zai ba da izinin kowane mataki. Ita ce "rules of engagement". Sai can ƙasa umarnin yau da kullum: kai je ka tsare gada, kai raka ayarin motoci. In muka kira na saman umarni, me za mu kira na ƙasan?

Ga abin da ƙuduri mai lamba 872 na 5 ga Oktoban 1993 ya ba UNAMIR. An ƙayyade mata soja 2,548. Aikinta shi ne sa ido kan tsagaita wuta tsakanin gwamnati da 'yan tawayen RPF, waɗanda akasarinsu 'yan Tutsi ne, taimakawa wajen tsaron birnin Kigali, taimakawa wajen kwance nakiyoyi, sa ido kan komawar 'yan gudun hijira, da kai rahoto. Ku lura da "taimakawa" da kuma "birnin Kigali". Yarjejeniyar sulhu ta Arusha da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu ranar 4 ga Agustan 1993 ta nemi rundunar da za ta lamunce tsaron ƙasar baki ɗaya, har da neman makaman da aka ɓoye. Da takardar ta isa New York aka yi mata aski. Ba kuwa abin mamaki ba ne: kwana biyu kafin ƙudurin aka yi faɗan Mogadishu da ya ci sojojin Amurka 18, ba wanda ke da ƙarfin halin sake tura mutanensa yaƙi a Afirka.

Barista Hadiza:
Ranka ya daɗe Kanar, bayaninka ya kawo mu bakin kalmar. Hurumi. A kotu kullum muna cewa kotu kaza ba ta da hurumin sauraron ƙara kaza. Ma'anarsa iko ne da wani na sama ya ba ka, mai iyaka, wanda in ka tsallake shi aikinka ya ɓaci ko da niyyarka mai kyau ce. Asalin kalmar ma fili ne da aka keɓe aka shata masa iyaka, kamar hurumin gari ko na maƙabarta. Gwada shi a jimlar Malam Habu: "New York ta ce samamen ba ya cikin hurumin rundunar." Ko a kasuwa ka faɗi haka an gane.

Malam Habu:
Ya zauna daram, Barista. Sai dai ina da ja guda. Hurumi a kunnen Bahaushe ya fi karkata ga abin da aka hana ka. "Ba hurumina ba ne" magana ce ta mai zame jiki. Ita kuwa kalmar Turancin tana ɗauke da nauyin da aka ɗora maka, wanda in ba ka sauke ba za a tuhume ka. Shi ya sa na yi tunanin "amana".

Barista Hadiza:
Amana tana da nauyi a zuciya, amma ba ta da iyaka a takarda. Ba za ka ce an rage amana daga kaza zuwa kaza ba, ko an faɗaɗa ta a sakin layi na uku. Hurumi kuwa ana ragewa, ana faɗaɗawa. Kuma alƙalin da ke da hurumi ba shi da damar ƙin zama, dole ya saurari ƙarar. In ana tsoron ɓangaren nauyin ya ɓace, a ce "hurumin aiki".

Dubi yadda yake tafiya da abin da ya biyo baya. Ranar 7 ga Afrilu aka kashe Firaminista Agathe Uwilingiyimana da sojojin Beljiyam 10 da aka tura gadinta. Beljiyam ta janye mutanenta, su ne kuwa suka fi kowa kayan aiki a rundunar. Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar kisa, ƙuduri mai lamba 912 ya rage rundunar zuwa mutum 270, ya kuma taƙaita hurumin aikinta zuwa shiga tsakani don a tsagaita wuta, taimaka wa agaji, da kai rahoto. Tsagaita wuta tsakanin sojoji biyu ake nema, alhali masu mutuwa fararen hula ne da ake sara da adda a shingayen hanya da cikin majami'u. Sai 17 ga Mayu ƙuduri mai lamba 918 ya faɗaɗa hurumin ya haɗa da kare fararen hula, ya amince da soja 5,500. A watan nan Najeriya ce ke shugabancin Kwamitin, Farfesa Ibrahim Gambari na kan kujera, kuma tun a Afrilu Najeriya ta gabatar da daftarin a ƙarfafa rundunar a madadin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, bai samu karɓuwa ba. Ruwanda kanta, wato gwamnatin da ke kisan, tana da kujera a Kwamitin a shekarar.

Kanar Ɗanlami:
Na karɓi hurumin aiki. Amma kada kalmar ta sa mu rubuta labarin kamar takarda ce kaɗai ta kashe mutane. Tun 1973, lokacin rundunar da aka kai Sinai karo na biyu, Majalisar ta fassara kare kai da cewa ya haɗa da tunkarar duk wanda ya zo da makami don hana runduna yin aikinta. Dallaire ma ya rubuta ƙa'idojin harbinsa a Nuwamban 1993, sakin layi na 17 ya ba soja damar amfani da ƙarfi don hana laifukan cin zarafin bil'adama. Ya aika New York, ba a ba shi amsa a hukumance ba. Ƙofa tana nan, ba a so a bi ta ne.

Misali biyu a birni ɗaya. A makarantar koyon sana'a ta Don Bosco da ke Kicukiro, mutum kusan 2,000 sun fake a bayan sojojin Beljiyam da ba su kai 100 ba. Muddin sojojin na wurin, 'yan Interahamwe zagaye kawai suke yi. Ranar 11 ga Afrilu aka janye sojojin, a ranar aka kashe akasarin mutanen, da yawa a tudun Nyanza. A filin wasa na Amahoro kuwa dubban mutane sun tsira, haka sama da 1,000 a otal ɗin Mille Collines, da 'yan tsirarun masu gadi. Takarda ɗaya ce ke kan duka wuraren. Ghana ta ƙi kwashe sojojinta, jagoransu Birgediya Henry Anyidoho ya tsaya, shi ya sa waɗanda suka rage suka kai kimanin 450 maimakon 270. Kyaftin Mbaye Diagne na Senegal, ɗan sa ido ne da ba ya ɗaukar makami, ya yi ta kwashe mutane a motarsa yana ratsa shingaye har harsashin igwa ya kashe shi ranar 31 ga Mayu.

Su kuwa 5,500 ɗin, a takarda suka tsaya. Ƙasashen Afirka sun ba da mutane amma ba motoci masu sulke. Amurka ta ce za ta ba da hayar guda 50, aka ɓata makonni ana ciniki kan kuɗin haya da na jigila. RPF ta kama Kigali ranar 4 ga Yuli, zuwa tsakiyar watan kuma an kashe mutum wajen 800,000 cikin kimanin kwana 100.

Malam Isufu:
Gaisuwa daga Damagaram. A wajenmu ma matsalar ɗaya ce, da Faransanci "mandat" ne, 'yan jarida kuma wa'adi suke cewa, saboda sun saba da wa'adin mulkin shugaban ƙasa. Hurumi ba baƙuwa ba ce a nan, za a gane. Abin da nake so a haɗa a gyara shi ne "kiyaye zaman lafiya" da muke shafa wa kowace runduna. UNAMIR ta Babi na 6 ce a kundin Majalisar: sai ɓangarori sun yarda, ba ta goyon kowa, ba ta harbi sai don kare kai. Rundunar Turquoise da Faransa ta kai a ƙarshen Yuni da ƙuduri mai lamba 929 ta Babi na 7 ce, an ba ta damar amfani da ƙarfi. Ta farko kiyayewa ce, ta biyu a ce "tilasta zaman lafiya". Ana kiyaye abin da yake akwai ne. Daga 7 ga Afrilu babu zaman lafiyar da za a kiyaye a Kigali.

Malama Rabi:
Na janye umarni. "Tilasta zaman lafiya" ya yi mini, ko da yake "wanzar da zaman lafiya" da wasu gidajen rediyo ke faɗa ya fi kowanne ruɗarwa, don yana iya ɗaukar duka biyun. A bar shi.

Amma Malam Isufu, kada a ɗauka Babi na 7 magani ne. Srebrenica a Bosniya tana ƙarƙashinsa. Ƙuduri mai lamba 819 na Afrilun 1993 ya ayyana garin "safe area", mai lamba 836 kuma ya ce rundunar ta razana masu kai hari, bai ce ta kare garin ba. Kwamandoji sun ce ana buƙatar ƙarin soja 34,000 don irin waɗannan garuruwa, Kwamitin ya amince da 7,600. Da sojojin Ratko Mladic, kwamandan Sabiyawan Bosniya, suka shiga ranar 11 ga Yulin 1995, sojojin Holan ɗin da ke wurin 'yan ɗaruruwa ne, man fetur da harsashi sun yi musu ƙaranci don an tare hanyar kawo musu kaya. An kashe Musulmi maza da samari sama da 8,000. Saboda haka mai fassara ya kula da fi'ilin da ke cikin hurumin: taimakawa, razanarwa, sa ido, karewa. Kowanne an zaɓe shi ne da gangan.

Barista Hadiza:
Haka ne. Kalmar karewa ba ta shiga hurumin wata runduna ta Majalisar kanta a fili tare da ikon Babi na 7 ba sai a ta Saliyo, ƙuduri mai lamba 1270 na Oktoban 1999, rundunar da sojojin Najeriya suka yi yawa a cikinta. Ko a nan an sa mata linzami: gwargwadon ƙarfinta, kuma a inda aka girke ta.

Tun da ana gyara, a daina musanya kisan kiyashi da kisan ƙare dangi. Kiyashi yawan gawa yake nufi. Ƙare dangi niyya yake nufi, ta shafe wata al'umma, ƙabila, masu launin fata ɗaya ko mabiya addini, duka ko wani sashe, kamar yadda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 kan hana kisan ƙare dangi ta tanada. Ba a banza jami'an Amurka suka yi ta kewaye kalmar "genocide" a 1994 ba, don yarjejeniyar ta ɗora wa ƙasashe nauyin hanawa. Kalmar tamu ma ta fi ta Turancin fitowa fili, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Malam Habu:
Madalla, Allah ya saka. Ga abin da zan riƙe. Iko da aikin da ƙuduri ya bayar: hurumin aiki, ko hurumi kawai in an riga an ambata. Tsawon lokacinsa: wa'adi. Takarda ta biyu da Kanar ya bayyana: ƙa'idojin buɗe wuta. Babi na 6 kiyaye zaman lafiya, Babi na 7 tilasta shi. Jimlar ta zama: "An sabunta wa'adin rundunar ranar 5 ga Afrilu, amma ba a taɓa huruminta ba, ranar 21 ga wata kuma aka rage shi."

Saura "safe area". Na so in ce tudun mun tsira.

Kanar Ɗanlami:
Ƙa'idojin amfani da ƙarfi ya fi buɗe wuta, Malam, don takardar ta haɗa da kama mutum, bincikar mota da harba hayaƙi mai sa hawaye. Tudun mun tsira kuma kada ka sa shi a kan Srebrenica, mai karatu zai ɗauka an tsira. Rubuta "yankin da aka ayyana amintacce", ka bar "aka ayyana" a ciki ko da edita ya ce jimlar ta yi tsawo.