Neman shawara: ƙanena ya daina shiga gem da ni saboda zauren da ake jefa mu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawararku, kuma kada wani ya ce ai maganar gem ce kawai, don ni abin ya tsaya min a rai.

Ina zaune a Unguwar Dosa, sana'ata gyaran waya. Shekara huɗu ke nan ina buga wani wasan harbi a waya, ba sai na kama sunansa ba, kuma hannuna ya faɗa sosai, da yatsu huɗu nake bugawa. Ƙanena ya samu gurbin karatu a Zariya bara, tun da ya tafi gem ɗin nan ya zama wurin hirarmu. Bayan isha'i sai mu sa abin kunne, muna harbi muna hira. Yaro ne mai zurfin ciki. Idan ka kira shi haka kawai, "lafiya lau Yaya" za ka yi ta ji har ka kashe wayar. A cikin gem ne bakinsa yake buɗewa. A nan na ji cewa kuɗin abincinsa sun ƙare tun wata bai raba ba, abin da bai gaya wa Umma ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Idan shi kaɗai ya shiga, yakan kashe mutum goma sha biyu ko sha biyar. Da zarar ya shiga tare da ni sai a jefa mu wani zaure, wato rukunin 'yan wasan da gem yake haɗa ka da su, mai wasu irin mutane, kafin ya ɗaga bindiga an kwantar da shi. Kuma ba wasan neman matsayi muke yi ba, na nishaɗi ne. Wata Juma'a ya kashe biyu, aka kashe shi sau goma sha tara. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, zaurenka ya yi min zafi." Yau sati biyu ke nan ina ganinsa a kan layi, in aika masa gayyata, ba ya karɓa.

Shin da gaske gem ɗin ne yake yin haka da gangan? Sannan wani abokina ya ce in buɗe sabon akawun, ko in riƙa bari ana kashe ni har a sauko da ni. In yi?

Mai shagon gem a Kawo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba idonka ba ne, haka abin yake. Ana kiransa SBMM, wato haɗa 'yan wasa gwargwadon ƙwarewa. Kowane akawun yana da wata lamba a ɓoye wadda ba ta da alaƙa da tambarin matsayin da kake gani a fuskar wayarka. Duk wasan da ka buga lambar tana motsi, ko da a ɓangaren nishaɗi ne. Asalin dabarar ma ba daga gem ta fito ba. Wani malamin kimiyya mai suna Arpad Elo ne ya tsara irin wannan lissafi don wasan ces, wato darar Turawa, hukumar ces ta duniya ta karɓe shi a 1970. Daga baya Microsoft suka yi nasu mai suna TrueSkill, wanda aka yi amfani da shi a wasan harbi na Halo 3 a 2007. Kamfanin Activision ma, masu wasan harbi na Call of Duty, sun faɗa da bakinsu cewa tun Call of Duty 4, na shekarar 2007 ɗin, suke sa ƙwarewa a cikin lissafinsu.

Idan ku biyu kuka shiga tare, dole na'ura ta yi muku kuɗin goro. Wasu wasannin suna ɗaukar tsaka-tsaki, wasu suna karkata wajen wanda ya fi ƙarfi don kada gwanaye su riƙa fakewa da sababbi. Ko wanne aka bi, zauren ya fi ƙarfin ƙanenka. Ina ganin haka kullum a shago: yaro ya zo da yayansa yana murna, bayan wasa biyu ya ajiye abin bugawa ya ce fitsari yake ji, ba zai dawo ba.

Wani daga Tudun Wada:
Wallahi wannan tsarin shi ya ɓata gem. Mutum ya wuni a kasuwa, ya dawo yana son ya huta, sai ka ga kowane wasa kamar ana gasar cin kofi, tafin hannu har gumi yake. In ina son wahala ai ga ɓangaren matsayi nan, me ya kawo awon ƙwarewa wajen nishaɗi? Ka yi ƙoƙari ka iya, ladanka shi ne a ƙara maka masu zafi, ba za ka taɓa jin cewa ka ci gaba ba. A da fa zaure ɗaya ake zama, wanda ya ci ka yanzu ka rama a zagaye na gaba, har abota ake ƙullawa. Da tsarin ba shi da matsala, da Call of Duty: Black Ops 7 da ya fito a Nuwamban 2025 bai koma buɗaɗɗen zaure ba, inda ƙwarewa ba ta da nauyi sosai. Ni dai ka buɗe sabon akawun ka more da ƙanenka.

Wata 'yar'uwa daga Malali:
Malam na Tudun Wada, hutun da kake nema a kan wa za ka yi shi? A kanmu ne fa. Ni ban iya sosai ba, wata bakwai ke nan da na fara, ina bugawa da ƙannena idan na gama aikin gida. Ranar da na kashe mutum takwas har hoton allon na ɗauka na ajiye. Amma akwai daren da wani mai sabon akawun, ko kayan sawa bai canza ba, ya kashe mutum talatin da wani abu shi kaɗai, muka kasa ko fita daga inda ake sauke mu. Ƙaramar ƙanwata ta goge gem ɗin a daren. Yaya mai tambaya, abin da aka yi wa ƙanenka ranar Juma'a shi za ka je ka yi wa ƙannen wasu, mutum biyar a kowane wasa. Don Allah kada ka yi.

Ɗalibin kwamfuta daga Barnawa:
Bari in ƙara a kan maganar Anti, don an taɓa gwada abin. A 2024 Activision sun fitar da bayani cewa sun sassauta awon ƙwarewa ga rabin masu buga Call of Duty: Modern Warfare III a Arewacin Amurka ba tare da sun sanar ba. Sakamakon da suka bayar shi ne, kusan kashi 90 cikin ɗari na 'yan wasa sun rage dawowa, fita ana tsakiyar wasa ta ƙaru, cin kaca ma ya ƙaru. Kashi 10 na sama ne kawai suka ji daɗi. Gaskiya ne kamfanin ne ya auna kansa da kansa, mai son ya yi shakka yana da hujja. Amma ku duba lissafin: in na ƙasa suka gudu, na tsakiya ne za su zama na ƙasa, su ma su gudu. Kamfanin Ubisoft sun fitar da wasan harbi mai suna XDefiant a Mayun 2024 suna tallar cewa babu wannan awon a ɓangaren nishaɗi, aka rufe shi a Yunin 2025. Ba shi kaɗai ya kashe shi ba, amma bai cece shi ba.

Sabon akawun kuma ba ya daɗewa. Tsari irin TrueSkill lamba biyu yake riƙewa: ƙiyasin ƙarfinka, da kuma yawan shakkar da yake da ita a kan ƙiyasin. Sabon akawun shakkarsa babba ce, don haka lambar tsalle take yi. Wasannin farko a yawancin gem na waya 'yan kwamfuta, wato 'yan wasan da na'ura ke sarrafawa ba mutane ba, ake cika muku da su, shi ya sa kowa yake jin shi gwani ne ranar farko. Kana gama su ka yi ɓarna a wasa kaɗan, an gane ka, an mayar da kai inda ka fito. Barin a kashe ka da gangan kuwa cin amanar mutum huɗun da aka haɗa ka da su ne, kuma ana iya kai ƙararka.

Wani abu da ya shafe mu nan: ba ƙwarewa kaɗai ake dubawa ba. Activision sun ce jinkirin sadarwa, wato fing, shi ne kan gaba, sai tsawon jira. Idan dare ya yi nisa mutane sun ragu, na'ura tana faɗaɗa nema, ta kwaso na nesa da waɗanda ba sa'anninku ba. Ka tambayi ƙanenka nawa fing ɗinsa yake nunawa a ɗakin kwanansu. Idan sabis ya yi rauni, kafin ya ga mutum a allonsa shi an riga an gan shi.

Wani daga Tudun Wada:
Na ji, Anti ki yi haƙuri, maganar sabon akawun na janye. Amma ina nan a kan bakana cewa a sassauta. A kare sababbi, sauranmu a bar mu mu cakuɗa.

Mai shagon gem a Kawo:
Wannan muhawarar ba za ta ƙare a nan ba, shekaru ake ana yin ta. Mu koma kan bawan Allahn nan. Ɗan'uwa, ka sake karanta abin da ka rubuta. Ba kisa kake nema ba, muryar yaron kake nema. To ka fitar da shi daga inda ake ƙirga masa mutuwa.

Ku buɗe ɗaki na kanku, ku gayyato abokansa na makaranta da naka na unguwa, ku raba ƙungiya da hannunku. A nan babu na'urar da za ta zaɓa muku kowa. Kai ka ɗauki ƙaramar bindiga ko wadda ba ka saba da ita ba, ka faɗa a fili kowa ya sani, ba yaudara. In kuma da baƙi za ku buga, ku bar ƙananan filayen nan da ake mutuwa duk bayan daƙiƙa goma. Ku shiga babban fili na mutum ɗari, ku sauka nesa da gari, ku yi ta tsince-tsince. Minti goma za ku yi ba ku ga kowa ba, hira har ta ishe ku. Ka ba shi tuƙin mota, ko ya riƙe maka nesa. Akwai kuma wasannin da ake haɗa kai a yaƙi 'yan kwamfuta.

Abu ɗaya zan roƙe ka: ka daina yi masa gyara ana cikin wasa. "Koma baya, ɗora harsashi, ba ta nan ba." Mu yayye ba ma jin kanmu, amma a kunnen ƙane ya fi harbin zafi. Kuma ka kira shi ka gaya masa cewa zauren naka ne, ba hannunsa ne ya lalace ba. Wataƙila yana can yana ganin shi yake jawo maka faɗuwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar gyara ta taɓa ni, don ina yi, sosai ma. Jiya na kira shi na karanta masa bayanin Oga na Kawo. Ya yi dariya ya ce shi duk zatonsa haushinsa nake ji idan muka faɗi, shi ya sa ya janye. Na tambayi fing ɗinsa, ya ce da daddare yakan haura 150, sai ya fita bakin baranda yake sauka. Mun shiga babban fili sau biyu, muka sauka can gefen ruwa, shi ke tuƙi. A na biyun mun zo na bakwai, bai kashe kowa ba, amma ya ba ni labarin jarrabawarsu tun daga farko har ƙarshe. Ran Asabar bayan isha'i za mu buɗe ɗaki, ya ce zai kawo abokansa uku. Muna neman mutum biyu waɗanda ba su yi zafi ba. Anti ta Malali, in ke da ƙannenki kuna da hali, akwai wuri, har da ƙaramar da ta goge nata.