Neman shawara: tabaryar mai dakan da nake haɗawa da kwali tana cijewa

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masu yin abin wasa mai motsi da kwali, irin wanda ake murɗa mariƙi a gefe sai abin da ke sama ya motsa. Mace mai daka nake haɗawa. Na soke akwatin kwali da tsinken tsire a kwance, na zura masa faifan kwali, shi ke tura wani tsinken na tsaye mai ɗauke da tabarya. Da na fara murɗawa sai na tsayen ya karkace ya cije a raminsa, wani lokaci kuma tsinken kwancen ya yi ta juyawa faifan bai motsa ba. Ko ya yi aiki ma, a hankali tabaryar ke sauka, sam bai yi kama da daka ba. Burina mata biyu su yi lugude a turmi ɗaya. Don Allah a ba ni shawara.

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam 'yata. Cijewar daga ramin take. Kwali falle ɗaya ba ya iya riƙe tsinke a miƙe, ga faifan kuma yana tura shi gefe. Ki yanko bututun biro kamar santimita 4, ki kafa shi a ramin da gam, tsinken ya bi ta ciki. A gindin tsinken ki manna murfin gorar ruwa, bayansa ya kalli ƙasa, don ya samu shimfiɗaɗɗen wurin zama a kan faifan. Faifan kuma ki haɗa falle uku ko huɗu, kowane layukansa su gitta na ɗan uwansa. Ki goge bakinsa da samfefa, ki goga masa kyandir.

Malamin Fasaha: Baba ya gama da wannan. Ni saukar tabaryar ce ta ja hankalina, domin a nan daɗin aikin yake. Faifai zagayayye da aka huda a gefe kullum hawansa da saukarsa iri ɗaya ne: in hudar ta kauce wa tsakiya da santimita 1, sandar za ta hau santimita 2, ta kuma sauko a hankali. Ya dace da jirgin ruwa mai lilo, amma ban da daka. Ki yanka faifan da siffar katantanwa: bakinsa ya riƙa nisa da tsakiya kaɗan-kaɗan har ya zagayo, sannan ya yanke tsaf ya koma inda ya fara. Tabarya za ta hau sannu, ta faɗo tim. Sai dai da wannan faifan murfin gora ya yi faɗi, zai hana faɗowar. Ki sa ƙaramin dutsen ado mai santsi a gindin tsinken, ki zura noti ɗaya a samansa don nauyi. Gefe ɗaya kawai wannan faifan yake juyuwa, don haka ki zana kibiya kusa da mariƙin, kada yara su murɗa baya su karya.

Anti Mai Ɗinki: Ƙanwata, kan faifan da ke sulɓewa, kada ki dogara da super glue, kwali shanye shi yake yi. Ki naɗe zare a jikin tsinken ta gefe biyu na faifan, ki jiƙa zaren da farin gam na kafintoci, ki bar shi ya kwana. In damina ce, ki sirka gam ɗin da ruwa ki shafe akwatin, saboda danshi na sa kwali laushi.

Malam Mai Tarihi: Allah Ya yi albarka. Akwai wata tsohuwar dabara ma. Al-Jazari, injiniyan da ya yi aiki a fadar Diyarbakir ya kuma kammala littafinsa a 1206, yakan kafa ƙananan turaku a jikin sanda mai juyawa, su danna wani hannu su sake shi. Guntun tsinken ashana zai yi miki aikin turken.

Ɗalibar Zane: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, luguden fa? Kuma ya zan yi hannayen su bi tabarya?

Malamin Fasaha: Faifai biyu a tsinke ɗaya, yankan na farko ya kalli sama yayin da na biyu ke kallon ƙasa, sai ɗaya ta ɗaga ɗaya ta buga. Ki faɗaɗa bakin turmin, ki huda gindinsa wuri biyu, tsinkayen su fito ta ciki su zama su ne tabaren. Jikin matan a manne yake, hannayen kawai za ki ɗinke da zare a kafaɗa da gwiwar hannu, sako-sako, sannan ki ɗaure tafin a jikin tabarya. Ki gwada da mace ɗaya tukuna, in ta yi daidai sai ki kwafi faifanta ki yanka na biyu.