Muhawara: Shin harshen Thai malalaci ne wajen yin tambaya?

Ɗalibi: Jama'a, malamin da ke duba aikina ya soke mini babi guda, don kawai na rubuta cewa Thai malalacin harshe ne. Mutumin Tailan yana cewa "khun kin arai", ya bar "arai", wato "me", a gurbin abin da aka ci, alhali Bahaushe yakan ɗauko kalmar ya kai ta gaba ya ce "me ka ci?" Ina laifina?

Malama: Ƙanena, lalaci ba kalmar nazarin harshe ba ce. Sinanci ma haka yake, kuma tun 1982 masanin harshe James Huang ya kawo hujjar cewa kalmar tambaya tana motsawa a matakin ma'ana, ko da ba a ji motsin a baki ba.

Dattijo: Malama, da ma na san sai kin jawo mana almajiran Chomsky, masanin harshen nan na Amurka. Motsin da kunne bai ji ba, wa ya shaida shi? Yaron nan bai zagi kowa ba, harshen ya siffanta.

Malama: Baba, wanda ya kira harshe malalaci ai masu harshen ya kira.

Tafinta: Ku yi haƙuri, an bar inda matsalar take. "Khrai" na nufin "wa", amma "mai mi khrai ma" na nufin babu wanda ya zo, haka kuma "khrai ko dai" na nufin kowa. Kalma ɗaya ce, abin da ke kewaye da ita ne yake mayar da ita tambaya ko akasin haka.

Dattijo: To, ga shi nan! "Ko" ɗinsu ai namu ne na "kowa" da "komai", lallai akwai dangantaka.

Malama: Baba, dace ne kawai. Thai na dangin Kra-Dai ne, Hausa kuwa ta dangin harsunan Cadi ce.

Dattijo: Ke dai ba a taɓa faɗar magana kin yarda ba, haka kika yi mini a kan karin sauti.

Ɗalibi: Babina fa?

Mai gabatarwa: Abin da aka tsayar shi ne Malama ta kawo hujja da shekara, Baba kuwa ya kawo zato kamar yadda ya saba. Bayanin Tafinta ya yi tsawo, na tsallake shi. Ɗalibi ya cire kalmar lalaci ya mayar wa malaminsa da babin.