Neman shawara: zagayen New Zealand da motar kwana

Baban Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin kwana 14 a New Zealand cikin Disamba, ni da iyalina da yara biyu, mai shekara 9 da mai 5. So muke mu yi hayar motar kwana, irin mai gado da kicin da bayan gida, mu bi wuraren da aka ɗauki fim ɗin The Lord of the Rings daga Auckland har Queenstown. Kwanakin za su isa? Me ya kamata in kula da shi?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Za su isa idan ka rage buri. Hanyoyinsu layi biyu ne, ga kwana-kwana da hawa da gangara, tafiyar da taswira ta ce awa 3 ka ba ta awa 4 a wannan motar. Kada ka wuce kilomita 250 a rana. Ka ba tsibirin arewa kwana 5: Matamata, inda ƙauyen Hobbiton na cikin fim ɗin yake, kusan awa 2 daga Auckland, sai Tongariro, sai Wellington. Hobbiton ba a shiga sai da ɗan rakiya, kuma Disamba bazararsu ce da hutun makaranta, don haka ka sayi tikiti tun yanzu. A Tongariro kada ka ɗauki yara doguwar hanyar ƙafa ta kan duwatsu mai kilomita 19. Dutsen Ngauruhoe, wanda ya fito a matsayin Mount Doom a fim ɗin, ana hangensa sarai daga titin Desert Road, mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, ma sun roƙi a daina hawa ƙololuwarsa.

Hajiya Maman Sadik: Baban Hanan, wajen motar ake yin kuskure. Ka tambayi kamfanin ko tana da koriyar takardar da ke nuna tana riƙe ruwanta da ƙazantarta. In babu, ba za ka kwana a yawancin filayen kyauta ba, tarar dala 400 ce ta ƙasar. Tanki uku za ka riƙa lura da su: na ruwan sha, na ruwan wanke-wanke, da akwatin bayan gida. Mutum huɗu masu alwala sau biyar, lita 100 da ƙyar ta kai kwana biyu. Akwatin bayan gida a juye shi duk kwana biyu, a wurin da aka keɓe kaɗai, a ɗauraye, a zuba masa maganinsa da ruwa kamar lita 2. In ya wuce haka cikin zafi, warin zai kore ku daga motar. Manhajar CamperMate tana nuna wuraren juyewa.

Batirin ɗaki kuma daban yake da na inji. Shi ke riƙe firji da fitilu da famfo, amma soket ɗin bango ba ya aiki sai an jona motar da wutar sansani. Duk dare na uku ku kwana inda ake biyan wuta. Ƙaramin yaron dole sai da kujerar yara, dokarsu ce ga duk wanda bai kai shekara 7 ba, kuma ba kowace kujerar baya ke karɓarta ba, a tambaya kafin a biya.

Injiniya Bala: Jirgin ruwan Wellington zuwa Picton, wanda ke tsallakar da mota zuwa tsibirin kudu, awa 3 da rabi ne, da tsawon mota ake yanka kuɗi, ka san tsawon taka kafin ka kama wuri. Za a sa ka rufe tukunyar gas kafin shiga. In ta dizal ce, akwai harajin hanya da ake lissafawa da kilomita, ranar mayar da mota za su cire. A hagu ake tuƙi, kuma ranar da kuka sauka kada ka karɓi mota, ka yi barci tukuna. Mount Sunday, inda aka gina birnin Edoras na fim ɗin, hanyarsa tsakuwa ce a ƙarshe, ka karanta takardar inshora ko ta yarda. Hanyar Skippers Canyon da ke kusa da Queenstown kuwa kamfanonin haya sun hana bin ta gaba ɗaya. Queenstown zuwa Glenorchy kilomita 45 ne a gefen tafkin Wakatipu, kwalta ce, kuma ita ce ta fi cancantar ka ba ta yini guda. Ku riƙe man shafawa na ƙwari, akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo a bakin ruwa.

Baban Hanan: Allah ya saka da alheri. Uwargida na tambaya, za mu iya tafiya da kilishi da yaji?

Hajiya Maman Sadik: Kilishi da dambun nama a bar su gida, za a ƙwace a filin jirgi. Yaji da kuka da daddawa a rubuta su a takardar shiga, jami'i ya duba ya yanke hukunci, wanda ya ɓoye tarar dala 400 ce nan take. Naman halal ku saya a Auckland da Christchurch ku cika firji, ƙananan garuruwa ba lallai a samu ba. Alƙibla a can yamma take, kuma a Queenstown cikin Disamba magariba sai bayan ƙarfe 9, ku ciyar da yara tun da rana.