Wa ya san tarihin tsohuwar cocin tsibirin Topo a Badagry?

Ɗan Mile 12:
Salama 'yan uwa. Ina kwas ne a ASCON, kwalejin horas da ma'aikatan gwamnati da ke Topo, Badagry, to wasu abokai suka ce a haya kwale-kwale a tsallaka tsibirin da ke gaba, muka je, sai ga kangon gine-gine a cikin itatuwan kwakwa, mai jirgin yace ai tsohuwar cocin fada-fada ce da makaranta. Abin da ya ɗaure min kai shi ne me ya kai su gina coci a wurin da sai an shiga ruwa, ga gari nan kusa? Kuma ina mutanen da ke sujada a nan suka tafi? Duk wanda ya sani ya taimaka.

Baba Obalende:
Yaro ka taɓo inda yake min daɗi. Wannan mishan ce ta Katolika, St Joseph, ta fada-fadan SMA, ƙungiyar da aka kafa a Lyon ta Faransa a 1856. Su ne suka kafa mishan ɗin Katolika a Ikko, Fada Borghero na cikin na farko. Topo kuwa a 1876 suka buɗe ta. Kuma ba don mutanen tsibirin suka je ba, ƙasa suka je nema, don wurin zirin ƙasa ne dogo tsakanin ruwan Badagry da teku, yashi ne da kwakwa ke so. Suka dasa kwakwa da yawan gaske ana busar da ita ana sayarwa, kuɗin na riƙe mishan ɗin, ga makaranta ga marayu ga yaran da aka ƙwato daga bauta, daga baya sistoci ma suka zo suka riƙe ɓangaren mata. Wanda yake son zama a ƙasar mishan ana ba shi gona amma da sharaɗi, zai bi dokar fada, yaransa su shiga makaranta da katikizim, mace ɗaya. Kenan gonar ce ta tara masu sujadar, ba garin da ke wurin tun asali ba ne ya tuba.

Maman Rahila Agege:
Baba sannu da ƙoƙari, amma ka tsallake wani abu. Tsofaffin Yarbawan Ikko da sunan Topo suke tsorata yaro mai ƙiriniya, wai za a kai ka Topo, saboda har yaran da suka gagara ana turawa can, aikin gona da horo ba wasa, kuma ina zaka gudu, gaba teku baya ruwa. Ni Kirista ce amma gaskiya ɗaya ce, ba kowane yaro bane ya zauna a bencin cocin nan da son ransa.

Malam Idi-Araba:
Ni Musulmi ne, tarihin kawai nake so. Kada a ɗauka Topo ce farko a yankin fa. Tun 1842 Thomas Birch Freeman na Methodist ya sauka Badagry, Henry Townsend na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, ya biyo shi a ƙarshen shekarar, suka yi Kirsimeti a ƙarƙashin bishiyar Agia, wadda ta faɗi a 1959. Benen mishan ɗin nan na 1845 da ake kai 'yan makaranta kallo yana nan. Waɗancan a cikin gari suka zauna da Egun da Yarbawa, shi ya sa har gobe cocinsu na da mutane.

Baba Obalende:
Malam ka faɗi abin da nake son kaiwa. 'Yata Maman Rahila ban musa miki ba, horon akwai tsanani, ai zamanin ne ma haka, har makarantun cikin gari bulala ce. Amsar tambaya ta biyu kuwa, ni a ganina mutanen ba ɓata suka yi ba, watsewa suka yi. Yaron da ya koyi karatu da sana'a a Topo ba zai tsaya fasa kwakwa ba alhali ga Ikko tana kiransa, kuma da makaranta da gonar suka ja baya babu kasuwa babu titi babu abin da zai riƙe iyali a tsibirin, sai kowa ya tsallako ya shiga cocin da ke kusa da shi. Mu ma a arewa an gwada irin ƙauyen nan, Gimi a ƙasar Zazzau, CMS ta tara Kiristoci Hausawa a can, ciwon barci ya tarwatsa su, daga baya ne aka samu Wusasa. Kuma Wusasa ta tsaya ne don tana bakin birnin Zariya, ga asibiti ga makaranta.

Maman Rahila Agege:
To shikenan Baba. Ɗan Mile 12 don Allah nawa kuka ba mai jirgin, kuma akwai rigar ruwa? Zumuntar mata namu na neman inda za mu kai yara a hutun nan, sai dai ni hanyar Mile 2 zuwa Badagry ɗin nan ce ke kashe min jiki tun kafin a zo maganar kwale-kwale.