Musayar Waƙa: "Baba, Mun Kusa?"

Baban Uku:
Assalamu alaikum. Jiya muka sauka daga tafiyar awa 11 da yara uku a bayan mota. Ga buɗi, ƙwar huɗu, wato ɗango (layi) huɗu a kowane baiti, babban amsa-amo, wato sautin da ke rufe kowane baiti, "ya". Mai iyawa ya ɗora.

Na duba mai, na duba birki,
Safaya da jak na sa su ciki,
Na ɗaure bel, na gama aiki,
Da asuba muka ɗau hanya.

Kafin mu ci kilomita goma,
Auta ya ce, "Baba, mu koma,"
Babba ya ce, "Mun kusa?" Ni ma
Sai na ji tausayi a zuciya.

Uwar Biyu:
Malam, kana yabon birkinka,
Wa ya lallashi autan naka?
Wa ya goge amai a kujerarka?
Matarka ce ta sha wuya.

Kai sitiyari kawai ka riƙe,
Ita ta raba faɗa, ta share, ta wanke,
Yara na barci, ita tana farke,
Fuska gaba, hannunta a baya.

Ƙanwar Alƙalami:
Goggo, kin gama magana! "Fuska gaba, hannunta a baya." Duk uwar da ta taɓa laluben kwalbar ruwa ƙarƙashin kujera mota na gudu ta san wannan ɗangon. Maza su zo su amsa in sun isa.

Direban Dare:
Hajiya, sassauta, yi adalci,
Mai tuƙi ya hana ido barci,
In ya yi gyangyaɗi sai takaici,
Rai biyar ya ɗauko a wuya.

Ni shawarata a bi dare,
Yara suna barci a jere,
Ba kuka, ba rana, hanya a share,
Gari na wayewa an sauka lafiya.

A gudun kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 a sakan guda. Wanda ya san haka ba zai ce direba sitiyari kawai ya riƙe ba.

Malam Mai Aruli:
Direban Dare, ɗangonka na ƙarshe ya yi ƙiba. "Yara suna barci a jere" gaɓa 9 ne, na ƙarshen ya kai 12. Sannan "wuya" Hajiya ta riga ta rufe baiti da ita, ba a cin amsa-amon wani.

Direban Dare:
Malam, tata wuyar wahala ce, nawa wuyan da ke ɗauke da kai. Karin sauti ya raba su.

Ƙanwar Alƙalami:
Nan kam yana da gaskiya, ko da yake ba gefensa nake ba. Kuma tun yaushe ake auna karin waƙar Hausa da ƙidayar gaɓa? Nauyi ake dubawa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi.

Malam Mai Aruli:
To ki auna da nauyin, ƙanwata, ki ga ko zai tsaya. Ki rera shi da babbar murya, numfashinki zai yanke a "sauka".

Direban Dare:
Na rera sau uku, bai yanke ba.

Malam Mai Aruli:
Ja ka yi. Ja daban, kari daban.

Uwar Biyu:
Ku bar faɗa a kan baiti,
Dare ba ya nuna ramin titi,
Duk awa 2 a tsaya 'yan minti,
Yara su zaga, su sauke gajiya.

Kai da ka ce gyangyaɗi takaici ne, kai kuma ka zaɓi lokacin da ya fi kama ido?

Kakan Yara:
Na makara kwana biyu, a gafarce ni. 'Yata Uwar Biyu, batun aman nan: ido na kan waya yana cewa a zaune ake, kunnen ciki yana jin motsi. Saɓanin nan ke kawo jiri da tashin zuciya.

Ku karɓe waya a hannun yaro,
Tun kafin jiri ya faro,
A sauke gilas kaɗan, ba tsoro,
Ya miƙa ido can ƙarshen hanya.

In aka taka birki da ƙarfi,
Ko son uwa ya kai zurfi,
Hannu ba ya riƙo, sai ya tafi,
Ƙarami kujerarsa, ba cinya.

Malam Mai Aruli:
Baba, ƙarfi da zurfi madalla. "Sai ya tafi" ya ɗan ɗingisa, amma maganar ta fi ƙarfin gyara.

Maman Uku:
Ni ce wadda ake ta magana a kanta. Baba, Auta a ɗaure yake cikin kujerarsa tun daga ƙofar gida.

Yaya, na gode ƙwarai miki,
Amma ki rage wa mai birki,
Sau 5 ya tsaya don mu ji sauƙi,
Ya saɓi Auta har kuka ya tsaya.

Da muka iso duk sun yi shiru,
Kawuna uku wuri guda sun taru,
Babba ya farka: "Me ya faru?"
Sai kuma, "Yaushe za mu sake tafiya?"